Daga Tufaniya Zuwa Get: Tarihin Fentin Ƙyauren Gida a Kagoma da Kewayen Kafanchan

1.0 Gabatarwa

Masanan da suka yi nazarin gine-ginen Arewacin Nijeriya sun ba adon bango da na bakin zaure haƙƙinsu. Tun daga ɗan littafin da Kirk-Greene ya wallafa a 1963 a kan gidajen Zariya masu ado, zuwa aikin Moughtin na 1985 da na Dmochowski na 1990, an yi bayanin zanko da dagi da makuba dalla-dalla. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne ƙyauren kansa, wato abin da ake turawa a shiga, a jawo a rufe. Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Fentin da ke jikin ƙyaure na gwangwani ne, daga kanti aka sayo shi, saboda haka ake ganin bai kai a kira shi al'ada ba.

Wannan muƙala za ta bi diddigin yadda shafa wa ƙyauren ƙofar gida fenti ya samu gindin zama a Kagoma da garuruwan da ke kewaye da Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, wannan ɗabi'a ba gadon adon gidajen birnin Zariya ba ce, kamar yadda mai kallo daga nesa zai yi zato. Ta biyo layin dogo ne da mishan da barikin soja. Sai dai kuma harshen da ya ɗauko kayan aikin da sunayensu ya kai su ƙauyukan da ba na Hausawa ba, Hausa ne. Nan ne batun ya shafi mai nazarin harshe.

2.0 Ƙofa Daban, Ƙyaure Daban

Wajibi ne a fara da rarrabe kalmomi biyu da bakin yau ya cakuɗa. A daidaitacciyar Hausa, ƙofa ita ce kafar da aka bari a jikin gini don shiga da fita. Ƙyaure, wanda jam'insa ƙyamare ne, shi ne marufin wannan kafa, kuma a Hausar yamma gambu ake ce masa. Shi ya sa ake cewa Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana a Zariya, ko da yake ƙyamaren da ke rufe su sun daɗe da gushewa. Mai tsaron wurin ma Sarkin Ƙofa ne.

Ban da ƙyaure, Bahaushe yana da tufaniya, wadda ake saƙawa da ciyawa ko kara a jingina a bakin ɗaki, da asabari da tsaiwa da ake ratayawa don kare idon mai wucewa, sannan labule na ƙyalle. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya karɓar launi na shafawa. Ƙyauren itace kuwa kayan masu hali ne, domin itacen da za a tsaga a sami faffaɗan allo ba ya yawa a ƙasar Hausa. Giginya tana ba da azara, ba ta ba da katako. Lokacin da Clapperton ya shiga Kano a 1824 ya ba da labarin ƙofofin ganuwa masu ƙyamaren itace da aka lulluɓe da ƙarfe, waɗanda ake buɗewa da fitowar rana a rufe da faɗuwarta. Aikin maƙera ne, kuma ƙarfi ake nema a wurinsu. Wanda ya ga tsofaffin ƙyamaren da aka adana a Gidan Makama zai shaida cewa babu wanda ya yi niyyar ƙawata su da launi.

To, ina adon yake? Yana jikin ƙofa, wato ginin da ya kewaye kafar. Magini ne ke fitar da zane da yatsunsa tun yaɓe yana ɗanye, a bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko a shafa farar ƙasa da jar ƙasa. Ko wannan ma, binciken Heathcote da na Schwerdtfeger ya nuna cewa yawaitarsa a fuskar gidajen talakawa da 'yan kasuwa abu ne na ƙarni na 20. A zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a mulkin Sarki Abdulkarimu, gwaninta tana cikin gini ne, a bakan gizo da rufin soro. Idan aka kwatanta da maƙwabta bambancin zai ƙara fitowa. Nufawa suna sassaƙa ƙyaure, haka ma Yarabawa. Ƙyauren da Olowe na Ise ya sassaƙa wa fadar Ikere, mai ɗauke da mutum-mutumi da launuka, har baje kolin Wembley aka kai shi a 1924, kuma ya zauna a gidan tarihi na Landan. Hausawa ba su bi wannan hanya ba. Ke nan ba za a ce Kagoma ta koyi fentin ƙyaure daga tsohuwar Zazzau ba, tun da Zazzau ɗin ma ba ta da shi.

3.0 Kagoma Kafin Zuwan Jirgi

Kagoma suna ne da Hausawa suka yaɗa, kamar yadda suka yaɗa Kaje da Jaba da Kataf. Mutanen suna kiran kansu Gwong, harshensu kuwa Gyong, ɗaya daga cikin harsunan rukunin Filato na dangin Binuwai-Kwango. Babban garinsu Fadan Kagoma yana kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, a Ƙaramar Hukumar Jama'a, kuma nan ne fadar sarkinsu, Kpop Gwong. Waɗanda ba su san yankin ba sun fi jin sunan garin ta dalilin Patrick Ibrahim Yakowa, gwamnan Kaduna daga 2010 har rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu ranar 15 ga Disamba 2012, wanda a can aka binne shi.

A ƙarni na 19 yankin yana tsakanin ƙarfi biyu, Zazzau daga arewa da kuma Jama'ar Dororo, wadda Malam Usmanu ya kafa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. Hare-haren neman bayi da karɓar gandu su suka tsara yadda ake zama. Jama'a da dama sun jingina da duwatsu da kurmi, suka kewaye gidaje da shingen ƙerana mai ƙaya da dafi. A irin wannan zama, ƙofa ba wurin nuna arziki ba ce. Ƙanƙanuwa ake yin ta, ƙasa-ƙasa, yadda mai shiga sai ya sunkuya, kuma wanda ya sunkuya ba ya iya ɗaga makami. Ƙanƙantar tana kuma tsare ɗumin wuta a cikin ɗaki lokacin sanyi. Gidajen Ham, maƙwabtan Gwong, waɗanda Dmochowski ya auna ya zana, suna nuna irin gwanintar da ke yankin: ɗaki mai siffar ƙwai, rufin ciyawa mai karkata, rumbu a cikin ɗaki. Hikimar tana wajen sarrafa laka da ciyawa. Marufin ƙofa kuwa saƙa ce.

4.0 Layin Dogo, Garwa da Tsatsa

A tsakanin 1926 da 1927 layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya haɗu da Kaduna ta Kafanchan, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuza. Cikin 'yan shekaru wurin da ba a san shi ba ya zama mahaɗar jiragen ƙasa, da tasha da shagon gyaran injuna da gidajen ma'aikata. Ibo da Yarabawa da Hausawa da sauran ƙabilu suka taru, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan a farkon shekarun 1930.

Gidajen Reluwe su ne makarantar farko. An gina su da bulo da rufin kwano, da ƙyamare da tagogi na katako waɗanda hukuma ke sabunta wa fenti lokaci-lokaci, kowane gida da lambarsa. Duba-gari kuma yana zagayawa yana matsa wa mutane su share gida su shafa farar ƙasa. Leburan da ya fito daga Kagoma ko Kagoro ya yi aiki a tasha, ko ya wuce hakar kuza a Filato, da wannan hoto yake komawa gida.

Amma ba kwaikwayo kaɗai ya jawo fenti ba, kuma a nan ne ya kamata a dakata. Jirgi ya kawo katako daga kurmin kudu, ya kawo ƙusa da kwaɗo da sakata, ya kuma kawo kananzir a cikin garwa mai cin galan huɗu. Garwar da ta ƙare ba a yar da ita. Kafinta yakan farke ta ya buge ta ta miƙe, ya lulluɓe firam ɗin katako da ita, sai ga ƙyauren talaka mai sauƙin kuɗi, wanda akuya ba ta ci, ɓarawo kuma ba ya yanka shi da wuƙa. Daga baya langa-langa da gangar mai da ragowar kwanon rufi suka shiga wannan aiki. Aibin ƙarfen shi ne tsatsa. A Kano ko Katsina ƙyauren garwa zai yi shekaru yana haƙuri, amma ruwan da ke sauka a kewayen Kafanchan ya kusa ninka na Kano, kuma damina takan kama daga Afrilu har Oktoba. Ƙyauren da ba a shafa wa komai ba, damina kaɗan ke huda gindinsa. Katako ma bai tsira ba: yana kumbura da damina ya ƙi rufuwa, ya tsuke da hunturu ya tsage, gara kuma tana jira daga ƙasa. Saboda haka fenti ya shigo a matsayin magani kafin ya zama ado. Shaidar wannan tana nan har yau a wurin wanda ba shi da kuɗin gwangwani, wanda yakan shafa wa katako baƙin mai na mota. Ba ya yin kyau, amma gara ba ta son sa.

Masu sana'ar sun san cewa ƙyaure daga gindi yake mutuwa, domin nan ne feshin ruwan indararo ke bugu, nan ne kuma bakin katako yake buɗe yana tsotsar laima. Fentan kirki yakan cire ƙyauren ya kwantar, ya kankare tsohon fenti da tsatsa, ya fara da jan fenti na ƙarƙashi idan ƙarfe ne, ya bari ya bushe, sannan ya bi da fenti mai mai hannu biyu, har da gefen da ke kallon ƙasa. Na gaggawa kuwa a tsaye yake shafawa, ya tsinka fentin da kananzir ko fetur fiye da kima don gwangwani ɗaya ya isa gida duka. Ranar farko ba a bambance aikin biyu. Damina ce ke bambance su.

5.0 Mishan, Soja da Kuɗin Citta

Hanya ta biyu ita ce mishan. Ƙungiyar SIM ta buɗe tasha a Kwoi a 1910, ta kuma buɗe ta Kagoro a ƙarshen shekarun 1920, sannan Katolika suka bi da makarantunsu. Majami'a da aji da gidan malamin makaranta su ne gine-gine na farko masu kusurwa huɗu da ƙyauren katako a ƙauyuka da yawa. Da Hausa aka yi wa'azi, da ita aka koyar da karatu, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, kuma ikilisiyar ECWA da aka kafa a 1954 ta ci gaba a kan haka. Yaron da ya koyi aikin kafinta a hannun mishan, da kalmomin Hausa ya koye shi.

Ta uku ita ce bariki. Kudancin Zariya ya ba da sojoji masu yawa, daga yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Soja kuwa an san shi da son fenti, har dutsen bakin hanya ba ya bari. Tsohon soja da ya dawo da kuɗin sallama, abin da yake fara yi shi ne ɗakin kwano da ƙyaure mai launi. A daidai wannan zamani fentin ya daina zama kayan ƙetare zalla. An kafa kamfanin da ya zama Berger Paints a Legas a 1959, wasu suka biyo baya, siminti kuma ya fara fitowa daga Nkalagu a 1957. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, gini ya bunƙasa a ko'ina. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar Naira ya tsauwala farashi, sai mai gida ya koma lissafi: idan ba a iya fente gida duka ba, a fente fuskarsa, idan wannan ma ya gagara, a fente ƙyaure. Labarin zuciya, in ji Hausawa, a tambayi fuska.

Lokacin yin aikin ma yana da dalili. Citta ita ce babbar hajar manoman Jaba da Kachiya da Kagarko da Jama'a, kuma ana haƙar ta ne bayan ɗaukewar ruwa. Kuɗi na shigowa ke nan a daidai lokacin da katako ya bushe, Kirsimeti ya gabato, 'yan birni kuma suna shirin dawowa gida. Watan Disamba ya zama watan fenti, duk da ƙurar hunturu da ke manne wa ɗanyen shafi. A unguwannin Musulmi na Kafanchan kuwa, jajibirin Salla da dawowar alhazai da ɗaurin aure su ne lokutan. Wanda ya fahimci wannan alaƙa zai gane abin da annobar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta taɓa, domin ba aljihun manomi kaɗai ta shafa ba, har da na kafinta da fenta da mai kantin kayan gini.

6.0 Abin da Harshe ya Adana

Kalmomin sana'ar kusan duk aro ne daga Turanci, kuma sun bi ƙa'idojin da aka sani. Fenti ta sami /f/ a gurbin /p/, da wasalin ƙarshe, tun da Hausa ba ta son rufe kalma da baƙi. Haka burushi da kafinta da birkila da siminti. Abin sha'awa shi ne yadda fenti ta haihu a cikin gida: an sami fenta, mai sana'ar, an kuma sami aikatau, har ana cewa an fente gida. Kalmar da ta kai ga haifar da aikatau ta daina zama baƙuwa.

Sunayen launuka sun fi wannan ban sha'awa. Fari da baƙi da ja da shuɗi da kore tsofaffi ne, amma gwangwanin fenti ya zo da launukan da suka fi su yawa. Maimakon aro kai tsaye, sai harshe ya koma ga tsarinsa na ruwan kaza: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan ganye, ruwan madara, ruwan hoda. Biyu daga cikinsu tarihin kanti ne tsantsa. Ruwan bula ya samo suna daga bular wanki, ruwan omo kuwa daga garin sabulun Omo mai shuɗi-shuɗi. Ba daidai ba ne a riƙa ɗora wa waɗannan launuka ma'anar da ba su da ita. Akan ji ana cewa kore na Musulmi ne, shuɗi na Kirista, alhali sau da yawa abin da ya rage a kanti, ko ragowar fentin makaranta ko na majami'a, shi ke yanke hukunci. Launi mai duhu kuma yana ɓoye dattin hannu da jar ƙurar yankin.

A ɗaya gefen kuma akwai asara. A Hausar da ake yi a Kafanchan da kewaye, wadda ga mafi yawan masu ita harshe na biyu ce, ƙofa ta haɗiye ƙyaure. Ana cewa a rufe kofa, a yi wa kofa fenti, da /k/ a gurbin /ƙ/, kuma sau da yawa ba tare da bambancin jinsi ba, sai a ji kofan gida. Wannan ba abin zargi ba ne, haka harshen hulɗa yake sauƙaƙa kansa a ko'ina. Abin lura shi ne yaran Kano da Zariya ma sun kama wannan hanya, tufaniya da tsaiwa kuwa sai a ƙamus ko a bakin tsofaffi.

7.0 Rubutu a Jikin Ƙyaure

Da ƙyaure ya sami shafaffen jiki, sai ya zama allo. A unguwannin Hausawa an san rubutun nan na ba shiga, wanda ke sanar da baƙo namiji cewa gidan matan aure ne, har kalmar ta zama sunan irin gidan. Akwai masu rubuta Bismilla ko Masha Allahu da harufan Larabci, akwai masu sa shekarar da aka gama gini ko aka sauke farali. A gidajen Kirista akan ga gicciye, ko sunan sura da lambar aya, ko gajeren zance irin su ikon Allah da barka da zuwa, da Hausar boko, galibi babu ƙugiya a kan ƙ da ɗ da ɓ. Hukuma ma ta mayar da ƙyaure rajistarta. Masu ƙidayar 1991 da ta 2006 sun bar lambobinsu, ma'aikatan rigakafin shan-inna kuma suna zana alamominsu da alli. Ga mai nazarin harshe, waɗannan rubuce-rubuce shaida ce ta yadda talaka ke rubuta Hausa ba tare da edita ba, kuma shaida ce mai gajeren rai, domin fentin baɗi zai binne ta.

Sai dai alamar da ke yi wa baƙo maraba ita ce kuma ke gaya wa maƙiyi gidan wane ne. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris 1987 ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. An sake yin wani a 1999 a kan naɗin Sarkin Jama'a, sannan na bayan zaɓen Afrilu 2011, wanda ya ci rayuka da gidaje da kasuwar garin. Kowane ɓangare ya yi asara, kuma bayan kowane tashin hankali mutane sun ƙara komawa unguwannin da masu addininsu suka fi yawa. A irin wannan hali, aya ko gicciye a bakin ƙofa ya wuce zancen ado, musamman ga wanda gidansa ke kan iyakar unguwa biyu.

Ginin ma ya sauya. Ƙyauren katako ya ja baya, na ƙarfe ya maye gurbinsa, kafinta ya sallama wa mai walda. Mai hali yakan kewaye gida da katangar bulo ya kafa babban marufi na ƙarfe mai ƙaramar ƙofa a jikinsa, a fesa masa baƙi ko ruwan toka ko ruwan ƙasa da inji tun a shagon walda, kafin a kawo shi. Wannan marufi ba a ce masa ƙyaure, ba a kuma ce masa ƙofa. Sunansa get, kuma kalmar ta shigo da baƙinta na ƙarshe a tsaye, ba ta karɓi wasalin da fenti da siminti da burushi suka karɓa ba a zamanin da aka are su ta kunne. Mai tsaronsa kuwa, wanda a ganuwar Zazzau Sarkin Ƙofa ne, a nan maigadi ake ce masa.